Ruwan Bilic: Abin da Ke Cikin Kwalba da Abin da Ke Aiki a Cikin Bokiti

A Kano da Kaduna da Sakkwato mutane sun fi kiransa da sunan da kamfani ya sa masa, su ce Hypo ko Jik, a Maraɗi da Damagaram da Garwa kuwa sunan Faransanci ne ya bi shi, wato ruwan Jabel. Abin da ke cikin waɗannan kwalabe duka ɗaya ne: sinadarin sodiyam haifokulorait, wanda masana ke rubutawa NaOCl, narke a cikin ruwa. A irin wanda ake samu a shagunan unguwa yawanci sinadarin wajen kashi 3.5 cikin 100 ne, saura kuwa ruwa ne da gishiri da 'yar soda kaɗan. Muna wanke fararen kaya da shi, muna goge ɗakin haihuwa da shi, idan annobar kwalara ta ɓarke kuma da shi ake tsabtace ruwan sha, amma galibinmu muna ɗaukarsa kamar gishiri ko sukari, abin da yadda aka ajiye shi haka za a tarar da shi. Lamarin ya sha bamban da haka, domin siffar da wannan sinadari ke daɗewa a cikinta ba ta da ƙarfin kashe ƙwayoyin cuta sosai, siffar da ke da ƙarfin kisan kuma ba ta daɗewa. Kusan duk ƙa'idojin ajiye shi da tsarma shi da kauce wa haɗarinsa daga nan suka samo asali.

Tushensa iskar kulorin ce, wadda Carl Wilhelm Scheele ɗan ƙasar Suwidin ya fara fitarwa a shekarar 1774. Claude Louis Berthollet na Faransa ya lura a 1785 cewa tana cire launin tufafi, sai dai iska ce mai shaƙe mutum, ba a iya aiki da ita a fili. Dabarar da aka samu ita ce a bi da iskar ta cikin ruwan toka, ɗan'uwan wanda iyayenmu mata ke tacewa don tuwo da miya, sai ruwan ya kama ta ya riƙe. An riƙa yin wannan haɗi a Javel, da ke gaɓar kogi a gefen birnin Faris, kuma daga nan sunan ya fito. A farkon shekarun 1820 wani mai haɗa magunguna, Antoine Labarraque, ya yi amfani da soda a madadin toka, ya kuma nuna cewa ruwan na kashe ɗoyin wuraren da ake sarrafa hanjin dabbobi, a zamanin da ba a ma san ƙwayoyin cuta ne ke ruɓar da nama ba.

Har yau hanyar ke nan. Ana ratsa ruwan gishiri da lantarki a samu iskar kulorin da kostik soda, irin wadda masu yin sabulu suka sani, sa'an nan a sake haɗa su a cikin sanyi: Cl₂ + 2NaOH → NaOCl + NaCl + H₂O. Wannan lissafi ya nuna cewa duk ƙwayar haifokulorait ɗaya da aka samar tana zuwa da ƙwayar gishiri ɗaya, shi ya sa idan bilic ya bushe a bakin kwalba ake ganin farin gari. Masana'anta kuma da gangan take barin rarar soda a ciki, kuma wannan rara ita ce ke tsare rayuwar abin da ke cikin kwalbar. Ba a sayar da sodiyam haifokulorait busasshe a kasuwa, domin idan aka raba shi da ruwa gaba ɗaya ba ya zaunawa, yana ma iya fashewa, wanda ya daskare tare da ruwa kuwa yana narkewa a digiri 25 zuwa 27, abin da bai kai zafin ɗakunanmu ba. Farin garin kulorin da ake gani a gidan ruwa da sansanonin jinyar kwalara ɗan'uwansa ne, kalsiyam haifokulorait, wanda idan ya narke yake ba da abu ɗaya.

Kafin a gane abin da ke faruwa a cikin ruwa, sai an san ma'aunin da ake kira pH, kuma duk macen da ta taɓa jefa kanwa a tukunyar yakuwa don ta kashe tsami ta san tushensa. Ma'aunin na tafiya daga 0 zuwa 14. Ƙasa da 7 ɓangaren tsami ne, wato asid, kamar ruwan lemon tsami da ke wajen 2. Sama da 7 ɓangaren kanwa ne, ruwan kanwa na wajen 10. Ruwa zalla kuma yana kan 7. Kowane mataki ɗaya ninki goma ne na wanda ya gabace shi. Ruwan bilic a kwalbarsa yana tsakanin 11 da 13, ya zarce kanwa nesa.

Da zarar NaOCl ya shiga ruwa sai ya rabu biyu. Sodiyam ya koma gefe, ba ya taka wata rawa, ya bar ƙwayar haifokulorait mai ɗauke da cajin lantarki, OCl⁻. Wannan ƙwaya tana iya karɓar haidirojin ɗaya daga ruwan ta zama asid ɗin haifokuloros, HOCl, wanda ba ya ɗauke da caji ko kaɗan, tana kuma iya mayar da shi ta koma yadda take. Wannan kai da komowa ba ya tsayawa, kuma pH ne ke yanke hukuncin wanda zai rinjaya. A zafin digiri 25, idan pH na kan 7.5 rabi da rabi ne. Idan ya sauka zuwa 6.5, kashi 90 cikin 100 na komawa HOCl; idan ya hau zuwa 8.5, HOCl ba ya kai kashi 10. A kan 11.5 kuwa, irin yanayin cikin kwalba, ƙwaya ɗaya ce tak cikin dubu goma ke cikin siffar HOCl. Akwai kuma fuska ta uku: idan tsami ya yi yawa har pH ya faɗi ƙasa da 4, HOCl na haɗuwa da gishirin nan da aka haife shi tare da shi, iskar kulorin ta kuɓuce ta tashi sama. Saboda haka sinadari ɗaya ne mai fuska uku, kuma tazarar da ke tsakanin ruwan da ke ceton rai da iskar da ke ɗauke shi 'yan matakai ne a kan ma'aunin.

Bambancin fuskoki biyun farko a wajen kisa babba ne ƙwarai, ana ƙiyasta cewa a kan wasu bakteriya HOCl ya fi OCl⁻ ƙarfi har sau 80. Dalilin shi ne fatar bakteriya na ɗauke da caji irin na OCl⁻, kuma caji iri ɗaya ture juna yake yi, ga shi kuma fatar na da maiƙo wanda abu mai caji ba ya ratsawa cikin sauƙi. HOCl ƙarami ne marar caji, girmansa bai fi na ƙwayar ruwa da yawa ba, don haka yake shigewa ciki. Idan ya shiga, aikinsa fizge ilektaron, wato 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu cajin lantarki da ke jikin kowane sinadari, daga duk abin da ya tarar, irin abin da wuta ke yi wa itace ko tsatsa ke yi wa ƙarfe. Ya fi saurin far wa sinadarin farar wuta da ke cikin furotin, sai furotin ɗin ya warware daga naɗinsa ya dunƙule da 'yan'uwansa kamar yadda farin ƙwai ke yi a ruwan zafi, abin da binciken Ursula Jakob da abokan aikinta a Jami'ar Michigan ya nuna a 2008. Da yake wurare da yawa yake kai wa hari a lokaci guda, da wuya bakteriya su saba da shi yadda suke sabawa da magungunan asibiti. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne jikin ɗan Adam ya riga Berthollet sanin wannan makami: wasu fararen ƙwayoyin jininmu, idan sun haɗiye bakteriya, suna ƙera HOCl da kansu daga gishirin jiki su halaka ta da shi.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa tsarma bilic da ruwa ya wuce batun tsimi. Ruwa na rage kaifin soda, pH ya sauko, wani kaso na OCl⁻ ya koma HOCl. Ɗigon da aka sa a jarkar ruwan sha yana ɗaukar pH na ruwan ne, wanda yawanci ke tsakanin 6.5 da 8.5, daidai inda makamin ke farkawa. Henry Dakin ya fuskanci wannan matsala a 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Farko, sa'ad da raunukan sojoji ke ruɓewa a asibitocin Faransa. Bilic na kasuwa yana cin nama saboda sodarsa, sai ya tsarma shi zuwa wajen kashi 0.5 cikin 100 ya kuma rage kaifinsa da asid ɗin borik. Ruwan ya yi aiki, amma ba ya jimawa a cikin rauni, shi ya sa likita Alexis Carrel ya tsara a riƙa tura sabo ta ƙananan bututun roba duk bayan awa biyu.

Cire launi ma aikin fizge ilektaron ne, kuma kofin zoɓo ya isa ya nuna shi. Idan aka matsa lemon tsami a zoɓo jansa na ƙara haske, idan aka sa kanwa sai ya yi duhu ya koma shuɗi-shuɗi ko kore-kore, kuma tsami na iya dawo da jan, domin ƙwayar launin na nan, siffa kawai ta sauya. Amma idan ɗigon bilic ya faɗa a ciki, sai ya fara yin duhu na ɗan lokaci saboda soda, sa'an nan launin ya dushe ya koma ruwan ɗorawa mai haske, kuma babu abin da zai dawo da shi, don an tsinke jerin mahaɗan da ke kama haske a jikin ƙwayar. Haka yake yi wa shunin marina: yana raba ƙwayar shuni gida biyu, shi ya sa rigar da aka rina da baba, idan bilic ya fantsama mata, wurin ya tafi ke nan. Tabon tsatsa kuwa ba ya jin bilic, sai ma ya ƙara kama tufa, domin ƙarfen ya riga ya ba da ilektaron ɗinsa. Ulu da siliki furotin ne, bilic narkar da su yake yi, santsin da ake ji a yatsu bayan an taɓa shi kuma soda ce ke mayar da maiƙon fata sabulu tana cin saman fatar.

Wajen da ya fi shafar mu a wannan yanki shi ne lalacewarsa. Tun ranar da aka cika kwalba ƙarfinta ke raguwa, ta hanyoyi biyu. A ta farko, wadda ita ce babba, ƙwayoyin haifokulorait na far wa junansu, uku su zama kuloret ɗaya da gishiri biyu: 3OCl⁻ → ClO₃⁻ + 2Cl⁻. Kuloret ba ya kashe ƙwayar cuta, kuma ba a son yawansa a ruwan sha, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masa iyakar miligiram 0.7 a lita. Tun da sai ƙwayoyi biyu sun yi karo kafin lamarin ya fara, cunkoso na hanzarta shi: bilic na masana'antu mai kashi 12 zuwa 15 ya fi na gida saurin mutuwa, kuma idan aka raba ƙarfinsa biyu da ruwa mai tsabta saurin samar da kuloret na raguwa kusan sau huɗu ko fiye. A hanya ta biyu, haifokulorait na sakin iskar oksijin ya koma gishiri zalla, kuma hasken rana da ɓurɓushin ƙarafa irin su tagulla da nikel ne ke ingiza wannan. Ita ce iskar da ke kumbura leda ko kwalbar da ta daɗe, kuma ita ce dalilin da ya sa ake zuba shi a robar da haske ba ya ratsawa, ba a gwangwani ba.

Zafi kuwa ya fi komai ɓarna. Ƙarin digiri 10 na ninka saurin lalacewar sau uku ko fiye, ƙarin digiri 20 ya ninka shi wajen sau goma. A watan Afrilu inuwa ma kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, balle cikin shagon kwano da tsakar rana, balle kuma katan ɗin da mai tireda ya jera a bakin titi, rana na dukan ledojin tun hantsi har la'asar. Duk lokacin da na ga haka raina na ɓaci, domin mai sayarwa bai san kayansa na zubewa ba, mai saye kuma zai auna da lambar da ke jikin leda, alhali lambar ƙarfin ranar da kayan suka bar masana'anta ce. Wari ba ya zama shaida, don hanci na jin kulorin ko da ɗan kaɗan ne ya rage.

Mai karatu na iya tambaya: idan tsarmawa na rage lalacewa, me ya sa jami'an lafiya ke cewa a zubar da ruwan da aka haɗa jiya a haɗa sabo kullum? Amsar tana wajen soda. Tsarmawa mai yawa na raunana garkuwar, iskar da muke fitarwa da numfashi kuma na narkewa a buɗaɗɗen bokiti ta ƙara saukar da pH, kuma a kusa da 7, inda HOCl da OCl⁻ ke zaune tare, nan ne suka fi saurin cinye juna. Ga rana, ga ƙura, ga dattin hannuwa da tsumma.

Lambar jikin kwalba ma tana da nata ruɗanin. Wasu na rubuta kason NaOCl, wasu na rubuta kason kulorin mai aiki, kuma tazarar su kaɗan ce, giram 100 na NaOCl daidai yake da wajen giram 95 na kulorin. A ƙasashe masu amfani da Faransanci kuwa ana iya ganin digiri a madadin kaso, inda digiri ɗaya yake wajen kashi 0.3 cikin 100, don haka mai digiri 12 bai kai kashi 4 ba. Wanda ya sayi kwalba a Maraɗi ya karanta 12 a matsayin kaso zai haɗa ruwan da ƙarfinsa bai kai sulusin abin da yake nufi ba. Lissafin tsarmawa shi ne a raba ƙarfin kwalba da ƙarfin da ake so a cire ɗaya, abin da ya rage shi ne yawan mudun ruwa. Daga kashi 3.5 zuwa 0.5, wanda ake zubawa a kan jini da kayan majinyaci irin yadda aka yi lokacin Ebola a Legas a 2014, mudu ɗaya ne na bilic da shida na ruwa. Mudu ɗaya na wannan haɗi a cikin tara na ruwa ya ba da kashi 0.05 na wanke hannu. Amai da bayan gidan mai kwalara kuwa kashi 2 ake zuba musu, saboda dattin da kansa yana cinye yawancin kulorin kafin ya kai ga ƙwayoyin cutar.

Haɗa shi da wasu kayan tsabta ne ke kai mutane asibiti. Yawancin ruwan wanke masai masu cire tabo asid ne mai ƙarfi, kuma idan suka haɗu da bilic pH na faɗuwa nan take, iskar kulorin ta tashi, iskar da aka yi yaƙi da ita a Ypres ta ƙasar Beljiyam a watan Afrilun 1915. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi sau biyu da rabi, tana kwanciya ƙasa, inda mai gogewa ta sunkuya da inda ƙaramin yaro ke tsaye, a banɗakin da sau da yawa ba shi da taga. Idan kuma ya haɗu da amoniya, wadda ke tasowa daga fitsarin da ya kwana, sinadaran kuloramin ne ke fita, masu yaji a ido da maƙogwaro. Wanda ya shaƙa a fitar da shi sarari, idon da ya shiga a yi ta kwarara masa ruwa na minti 15 ko fiye. Yaron da ya sha kuwa kada a ɗura masa manja don ya yi amai, domin sodar da ta ƙone maƙoshi wajen shiga za ta sake ƙone shi wajen fita, aman kuma na iya faɗawa huhu. A kurkure masa baki a garzaya asibiti tare da kwalbar.

A ruwan sha ne duk waɗannan bayanai ke haɗuwa. Kulorin da aka zuba ba ya fara da ƙwayoyin cuta, duk abin da ya tarar yake far wa: laka, ruɓaɓɓen ganye, narkakken ƙarfe, amoniya. Miligiram ɗaya na naitirojin ɗin amoniya kaɗai na cinye wajen miligiram 8 na kulorin kafin a samu rara, shi ya sa rijiyar da masai ke tsiyaya mata take shanye awon da zai ishi ruwan burtsatse. Rarar nan ce abin nema. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a samu aƙalla miligiram 0.5 a lita bayan minti 30, a ruwan da pH ɗinsa bai kai 8 ba, kada kuma ya gaza 0.2 a inda ake ɗiba. Ruwa mai gurɓi sai an sa masa alam ya kwanta ko an tace shi tukuna, domin laka na ɓoye ƙwayoyin cuta. Da bilic mai kashi 3.5 marar turare, mililita ɗaya da ɗan ɗoriya na ba jarkar lita 20 wajen miligiram 2 a kowace lita, awon da aka saba fara wa ruwa mai haske da shi.

Hanyar tana da iyaka. Ƙwayar cutar kiriftosiforidiyam, mai sa gudawa, na jure kulorin, ita ce ta kwantar da mutum wajen 400,000 a birnin Milwaukee na Amurka a 1993. A 1974 kuma Johannes Rook ya gano a ruwan Rotterdam ta ƙasar Holan cewa kulorin na haɗuwa da ruɓaɓɓun tsirrai ya samar da kulorofom da danginsa, waɗanda ake sa wa ido saboda illar da shan su shekara da shekaru ke iya haifarwa. A ganina wannan hujja ce ta tace ruwa kafin a sa kulorin, ba ta kai hujjar barin sa ba, musamman a ƙasar da hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya, NCDC, ta ƙidaya mutum fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a 2021, fiye da 3,600 suka rasu, Bauci da Jigawa da Kano na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Ƙwayar kwalara na cikin waɗanda kulorin ke kashewa da sauri.

Tun da ba a san ƙarfin da ya rage a kwalba ba, ba a kuma san yawan abin da ruwan zai cinye ba, ma'aikatan tsabtar ruwa ba sa dogara da lissafi kaɗai. Sukan jera bokitai huɗu ko biyar na ruwan wurin, su sa wa kowanne awo daban, su jira minti 30, sa'an nan su ɗibi kaɗan daga kowanne a ƙaramin mazubi mai haske su jefa ƙwayar gwaji da ake kira DPD. Idan akwai rarar kulorin ruwan na komawa ruwan hoda, sai a gwada duhunsa da jerin launukan da ke jikin mazubin. Bokitin da ya nuna 0.5, awonsa za a bi wajen zuba wa jarkokin 'yan garuwa a wannan rijiya, kuma idan aka buɗe sabon katan ko ruwan sama ya sauka ya gurɓata rijiyar, sai a sake jera bokitan.